Gajimare ko Saba Taka? Jagorar Zaɓen Inda Za Ka Watsa Bidiyo da Sauti ta Intanet

Gidan rediyon FM da ke son 'yan gari mazauna Jidda da Akara su riƙa jin sa a waya, da kwamitin masallacin da ke son watsa tafsirin azumi a shafinsa, da ɗan kasuwar fim da ke shirin buɗe manhajar kallo ta biyan kuɗi, duk tambaya ɗaya suke kawowa: mu kama haya a gajimare ne, ko mu kafa saba tamu? Amsar da ta dace da ɗaya tana iya karya ɗayan, kuma abin da ke raba su lissafi ne da biro da takarda sun isa a yi shi.

Gajimare a nan yana nufin kamfani irin su Amazon ko Cloudflare ko Mux ya riƙe na'urorin, ka tura masa bidiyo, ya sarrafa, ya raba wa masu kallo, ya caje ka gwargwadon abin da aka kalla. Saba kuwa, wadda wasu ke kira uwar garke, kwamfuta ce da ba ta barci, kai ke ɗora mata manhaja, kai ke kula da ita. Ita ma iri uku ce, kuma ruɗani yakan fara ne daga haɗa su wuri guda. Akwai na'urar da ka ajiye a ofishinka. Akwai na'urarka da ka kai cibiyar ajiyar bayanai, kamar Rack Centre a Ikeja ko Galaxy Backbone a Abuja, kana biyan kuɗin wuri da wuta da layi. Akwai kuma sabar da ka kama haya wata-wata a wurin irin su Hetzner na Jamus ko OVH na Faransa, na'urar tasu ce amma komai na cikinta a hannunka yake.

Kafin komai, tambayi kanka ko YouTube ko Facebook ba su ishe ka ba. Idan burinka kawai a gani a ji, kyauta suke, kuma babu sabar da za ka kafa da za ta kai tasu ƙarfi. Dalilan barinsu sanannu ne: tallan da ba ka zaɓa ba yana iya faɗowa a tsakiyar wa'azi, ba ka da iko idan aka rufe shafin, ba za ka iya karɓar kuɗin kallo yadda kake so ba. Tun daga Fabrairun 2025 Facebook yana goge bidiyon kai-tsaye bayan kwana 30, YouTube kuma ba ya ba da tabbacin ajiye shirin da ya wuce awa 12. Idan waɗannan ba su dame ka ba, ka tsaya a can, ka riƙa ajiye kwafi a faifanka. Idan sun dame ka, ga matakan.

Mataki na farko: lissafin abin da zai fita

Lamba ɗaya za ka haddace. Shirin da nauyinsa ya kai megabit 1 a sakan, wato 1 Mbps, yana cin megabait 450 a awa ɗaya ga mutum ɗaya. Daga nan komai ninki ne. Sautin 48 kbps yana cin kusan megabait 22 a awa. Bidiyon 800 kbps, megabait 360. Na 2.5 Mbps, gigabait 1.1 da 'yan kai.

Lissafi biyu ake yi, kuma kowanne da abin da yake nunawa. Na farko faɗin layi ne a lokacin cunkoso: adadin mutanen da ke kallo a lokaci guda, sau nauyin shirin. Shi ke nuna ko sabarka za ta ɗauka ko za ta durƙushe. Na biyu jimillar data ce a wata: mutane, sau awanni, sau abin da awa ɗaya ke ci. Shi ke nuna abin da gajimare zai caje ka.

A kula, adadin masu kallo a lokaci guda ake nema, ba adadin mabiya ba, ba kuma lambar da Facebook ke nunawa a ƙasan bidiyo ba, domin wanda ya leƙa na sakan kaɗan ya wuce ma ana ƙirga shi. Shiga shafin ƙididdiga na shirye-shiryenka na baya, ka duba ƙololuwar masu kallo a lokaci guda. Shafi mai mabiya 200,000 yana iya samun mutum 600 kacal a ƙololuwarsa. Ɗauki wannan lamba, ka ninka ta biyu saboda rana ta musamman, ka yi aiki da ita.

Mataki na biyu: duba siffar taron

Ɗauki misalin rediyo. Mutum 500 suna saurare dare da rana a 48 kbps. Faɗin layin da ake buƙata 24 Mbps ne kawai. Jimillar wata kusan terabait 7.8. Taro ne mai natsuwa, yau kamar jiya.

Ɗauki na tafsiri. Mutum 2,000 suna kallo a 800 kbps, awa 2 kullum, kwana 30. Faɗin layi 1,600 Mbps, wato gigabit 1.6. Jimilla terabait 43.2. Sannan bayan sallah taron ya watse sai baɗi. A ranar rufe tafsiri kuma adadin yana iya ninkawa ba tare da sanarwa ba.

Na fim daban yake. A ce finafinai 300 ne, kowanne awa 2, an niƙa kowanne, wato an sarrafa shi, zuwa matakan inganci huɗu da jimillarsu ta kai 5 Mbps. Wurin ajiyar da suke buƙata terabait 1.35 ne, abin da faifai ɗaya zai ɗauka. Ajiya ba ita ce matsalar ba. Matsalar daren da aka saki sabon fim ce, da kuma ɓarayin da za su sauke shi su kai kasuwa.

Ƙa'idar a taƙaice: taro mai natsuwa da aka san girmansa ya fi araha a saba ta haya, taro mai tashi da faɗuwa yana buƙatar wanda zai iya faɗaɗa cikin minti, kuma wannan aikin gajimare ne ko na CDN. CDN tarin sabobi ne da kamfani ya baza a birane daban-daban, kowace tana ɗauko gutsuren bidiyo sau ɗaya daga wurinka ta raba wa dubban mutane, kamar yadda ɗan sari ke ɗauko kaya daga masana'anta ya raba wa masu shaguna.

Mataki na uku: ɗora farashi a kan lissafin

Farashi yana canzawa, saboda haka ka duba na ranar da za ka yanke shawara. Amma tazarar da ke tsakaninsu ta daɗe a haka. Amazon yana cajin kusan dala 0.09 a kan kowane gigabait da ya fita daga sabarsa zuwa intanet. CDN ɗinsa, CloudFront, yana farawa daga dala 0.085 a Turai da Amurka, da dala 0.11 a yankin da Najeriya take. Bunny yana cajin dala 0.01 a Turai da 0.06 a Afirka, yana kuma da wani tsari na manyan kaya mai ƙarancin rassa a kan dala 0.005. Cloudflare Stream ba ya auna gigabait sam, minti yake ƙirgawa: dala 1 a kan minti 1,000 da aka kalla, dala 5 a wata a kan minti 1,000 da aka ajiye.

Rediyon nan mai terabait 7.8, idan aka ɗora shi a sabar Amazon, kuɗin fita kaɗai zai kai wajen dala 700 a wata. Ƙaramar saba ta haya a Jamus ko Finland da ke zuwa da terabait 20 a cikin kuɗinta ba ta wuce yuro 5 zuwa 10 ba. Babu abin muhawara a nan.

Tafsiri mai terabait 43.2 zai ci wajen dala 4,500 a CloudFront, kusan dala 2,600 a dala 0.06, dala 216 a tsarin manyan kaya. A Cloudflare Stream mintunan sun kai miliyan 7.2, wato dala 7,200. Wannan lamba ta ƙarshe tana da darasi da ya shafe mu kai tsaye. Cajin minti yana yi wa wanda masu kallonsa ke kallo a babban talabijin da 5 Mbps daɗi, domin minti 1,000 nasa gigabait 37 ne a dala 1. Mai kallonmu da ke lallaɓa datarsa a 800 kbps, minti 1,000 nasa gigabait 6 ne, kuma dala 1 ɗin dai za ka biya. Idan jama'arka a ƙananan wayoyi suke kallo, nemi mai caji da gigabait.

Da saba ta haya fa? Saba guda mai layin gigabit 1 marar iyakar data tana farawa daga wajen yuro 40 zuwa 50 a wata. Ba a cika layi maƙil, ana lissafi da kashi 70 cikin 100, wato 700 Mbps, wanda zai ɗauki mutum 875 a 800 kbps. Mutum 2,000 suna buƙatar saba uku. Yuro 150 ke nan a wata, araha ƙwarai a takarda. Sai dai ranar da mutum 4,000 suka shigo, ba rabi ne za su kalla rabi su rasa ba, kowa da kowa bidiyonsa zai fara tsayawa yana juyi, domin layin da ya toshe ba ya zaɓen wanda zai hana.

A saka kuɗin mutum a lissafin. Saba tana buƙatar wanda ya iya Linux, wanda zai ɗaga waya ƙarfe 4 na yamma ana cikin karatu. Idan babu shi a hannu kuma babu kuɗin ɗaukarsa, tsadar gajimare ita ce albashinsa. A saka canjin kuɗi ma. Daga Yunin 2023 zuwa cikin 2024 dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500, duk wanda ke biyan haya da dala yana samun kuɗin shiga da naira ya ji a jikinsa. Amazon ya fara karɓar naira a farkon 2025, amma farashin nasa a dala yake, juyawa kawai ake yi. Mai aiki daga Maraɗi ko Damagaram yana da sauƙi idan ya zaɓi kamfani mai caji da yuro, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957.

Batun ajiye saba a ofis

Mutane da yawa wannan suke nufi da saba tamu, kuma a mafi yawan lokuta ba ya aiki don watsa wa jama'a. Layin ofis da aka ce 100 Mbps ne, saurin saukewa ake nufi. Saurin aikawa yakan zama 10 ko 20. Da 20 Mbps, mutum 25 ne iyakar masu kallo a 800 kbps, a aikace ma ba su kai ba. Layukan waya da tsarin Starlink na gida kuma suna ajiye ka a bayan adireshin IP da kuke rabawa da mutane da dama, abin da ake kira CGNAT, ta yadda babu wanda zai iya shigowa sabarka daga waje komai yadda ka saita rauta.

Sai wuta. Saba da rauta da fanka su ci wat 200, kilowat-awa 144 ke nan a wata. Don su kwana awa 12 babu wutar gari kana buƙatar kilowat-awa 2.4 na ajiya. Batirin ruwa mai 200Ah a bolt 12 yana riƙe 2.4 a rubuce, amma rabi kawai ake sha idan ana son ya daɗe, ga asarar inbata, saboda haka uku ko huɗu za ka saya. Zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato da ƙurar hunturu da ke toshe fankar na'ura ba su shiga lissafin ba tukuna.

Inda sabar ofis ke da amfani sosai shi ne cikin gida: makarantar da ke son ɗalibai su kalli darussa ta waifai ɗin harabarta ba tare da sun taɓa datarsu ba, otal, ko ɗakin tace fim. A nan kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi da Jellyfin ko PeerTube ta wadatar. Tana kuma da amfani a matsayin ma'ajiyar asalin bidiyoyinka.

Mataki na huɗu: niƙa da matakan inganci

Ba a aika wa kowa bidiyo iri ɗaya. Ana niƙa shi zuwa matakai, wayar mai kallo ta zaɓi wanda layinta zai iya ja, ta sauka ko ta hau da kanta. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne HLS, wanda Apple ya fito da shi a 2009: ana yanka shirin gutsure-gutsure na sakan 4 zuwa 6, a rubuta sunayensu a wani ƙaramin fayil mai ƙarewa da m3u8, wayar ta riƙa karanta fayil ɗin tana ɗauko gutsure na gaba.

Tsani mai dacewa da jama'armu: 240p a 300 kbps, 360p a 700, 480p a 1,200, 720p a 2,500, sannan mataki na sauti zalla a 48 ko 64 kbps. Kada a raina na ƙarshen. Awa ɗaya a 360p tana cin wa mai kallo sama da megabait 300, sauti zalla kuwa 22, kuma mai sauraron tafsiri ko lacca yawanci wayar tana aljihunsa. 1080p ga malami a zaune gaban makirfo asarar data ce. A yi amfani da H.264 don hoto da AAC don sauti. H.265 da AV1 suna rage nauyi, amma ƙananan wayoyin Android na da ba su da sashen da ke buɗe su, sai wayar ta ɗau zafi, batir ya zube, hoton ya riƙa sarƙewa.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne cikakken hoton da kowane gutsure ke farawa da shi. Dole ya faɗo a lokaci ɗaya a duk matakan, in ba haka ba duk sanda waya ta sauya mataki sai hoto ya yi tsalle ko sauti ya goce. A saita shi kowane sakan 2. A FFmpeg, manhajar da ake niƙa bidiyo da ita, ga bidiyo mai hoto 25 a sakan, ana sa -g 50 tare da -sc_threshold 0 don kada ya riƙa ƙara nasa a duk inda yanayi ya canza.

Niƙa kai-tsaye yana cin ƙarfin na'ura. Matakai huɗu daga 720p da x264, manhajar da ke fitar da H.264, a saitin veryfast suna son furosesa mai cibiya 4 zuwa 8. Hanyar tabbatarwa ita ce kallon lambar speed da FFmpeg ke nunawa yana aiki. Idan ta tsaya a 1.0x lafiya lau. Idan ta faɗo 0.9x, shirin yana baya da sakan 6 a kowane minti, kuma kafin rabin awa komai ya watse. Katin hoto na Nvidia ko Quick Sync na Intel suna ɗauke wannan nauyin, sai dai katunan GeForce na gida suna da iyakar adadin niƙan da za su yi a lokaci guda. Don finafinai da aka riga aka ɗauka, niƙa sau ɗaya ake yi, kwamfutar ofis za ta iya yi cikin dare ba tare da an biya kowa ba.

Mataki na biyar: haɗa biyun

Ga yawancin masu matsakaicin taro, abin da ya fi shi ne saba guda taka a matsayin tushe, CDN na haya a gabanta. Ga yadda ake jera shi don shirin kai-tsaye.

A wurin taron, kwamfuta mai OBS Studio tana karɓar hoto daga kyamara da sauti daga mikisa, ta aika mataki ɗaya tak, 720p a 2.5 zuwa 3 Mbps. Saurin aikawar layin ya zama aƙalla ninki biyu na wannan, kuma a auna shi a daidai lokacin da za a yi shirin, bayan masallaci ya cika da wayoyi, ba da hantsi ana zaune shiru ba. Hanya biyu ake aika shirin zuwa saba, RTMP da SRT. RTMP, wanda ke shiga ta ƙofa 1935, kowa ya san shi, amma a layin waya mai yawan zubar da fakiti, wato ƙunshin data, yakan tsaya ya taru ya yanke. SRT, wanda Haivision ya sake wa jama'a a 2017, an gina shi don irin wannan layin. A ba shi jinkirin sakan 2 zuwa 4 don ya sami damar sake aiko abin da ya ɓata. A lura, a adireshin da ake rubutawa cikin OBS ana auna wannan jinkirin da kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, saboda haka sakan 2 shi ne latency=2000000. Wanda ya rubuta 2000 bai ba shi komai ba. A tanadi layi na biyu daga wani kamfanin waya daban, kuma a kunna naɗa a cikin OBS ɗin, ko da intanet ta yanke karatun ranar bai ɓata ba.

A sabar tushe, a ɗora SRS ko MediaMTX ko Nginx mai ƙarin RTMP don karɓa, FFmpeg ya niƙa, Nginx ya miƙa gutsattsarin. A riƙa rubuta su a RAM ta hanyar tmpfs maimakon faifai, a kuma saita goge tsofaffi, domin shirin da ke zuba gigabait 2 a awa yana cika ƙaramin faifai cikin 'yan kwanaki, kuma faifai in ya cika shirin tsayawa yake yi cak babu gargaɗi.

A CDN, a nuna masa adireshin tushen, sannan a raba umarnin ajiya gida biyu. Gutsattsarin bidiyo su zauna awanni, tunda ba sa canzawa. Fayil ɗin m3u8 kuwa sakan 1 ko 2 kawai. Idan aka bar CDN ya riƙe shi minti 5, masu kallo za su ga shirin ya daskare alhali tushen yana aiki lafiya. Idan kuma aka hana ajiye gutsattsarin, duk buƙatar mutum 2,000 za ta zarce kan sabarka guda, kamar ba ka sa CDN ba. A ƙarshe a rufe tushen ta yadda CDN kaɗai ke iya ɗauka daga gare shi.

A shafinka, a sa manhajar kunna bidiyo irin hls.js ko Video.js. Idan allon ya yi baƙi amma adireshin yana buɗuwa a VLC, kusan kullum matsalar CORS ce, wato sabar ba ta ba shafinka izinin ɗaukar fayil ɗin ba, ko kuma shafin yana kan HTTPS shirin yana kan HTTP burauza ta toshe shi. Takardar shaidar HTTPS ta Let's Encrypt kyauta ce, amma wa'adinta gajere ne, kwana 90 aka saba, a tabbatar sabuntawar da kanta take yi.

Da wannan tsari jinkiri tsakanin bakin mai magana da wayar mai kallo yakan kai sakan 20 zuwa 30. Ga wa'azi ko biki babu laifi. Ga shirin da ake kiran waya ko ajin da ake tambaya da amsa, sai an koma HLS mai gajeren jinkiri ko WebRTC, kuma a nan gajimare irin Amazon IVS ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Rediyo bai buƙatar duk wannan. Ƙaramar saba mai manhajar watsa sauti irin Icecast ko AzuraCast, da manhajar BUTT mai aika sautin daga kwamfutar situdiyo, sun isa. Abu biyu ke kama sababbin shiga: fayil ɗin saitin Icecast yana zuwa da iyakar masu sauraro 100, mutum na 101 sai a kore shi, sannan kalmar sirrin da yake zuwa da ita hackme ce, duniya duka ta san ta.

Abin da ke cizo a ɓangaren gajimare

Gajimare ba ya faɗuwa don taro ya yi yawa, takardar kuɗi ce ke kumbura. Gargaɗin kasafi na Amazon saƙo kawai yake aikowa, ba ya tsayar da komai. Tashar MediaLive, hidimar Amazon ta niƙa shirin kai-tsaye, da aka manta a kunne bayan an tashi tana ci gaba da ƙirga awa ko babu mai kallo. Wani shafi yana iya ɗaukar adireshin shirinka ya liƙa a nasa, jama'arsa su kalla kai ka biya. Maganin wannan adireshi mai sa-hannu ne da ke mutuwa bayan 'yan awanni, da taƙaita shafukan da aka yarda su nuna shirin, da sa iyakar data ta wata a inda kamfanin ya ba da dama. Kada kuma a yi dabarar tura bidiyo ta CDN ɗin Cloudflare na kyauta daga saba ta waje, sharuɗɗansu sun hana, kuma suna iya tsayar da shi a ranar da ka fi buƙata. Hanyar da suka yarda da ita Stream ce ko ma'ajiyarsu ta R2, wadda ke cajin dala 0.015 a gigabait a wata kuma ba ta cajin fita. Ga ɗakin finafinai mai terabait 1.35, wajen dala 20 ke nan.

Kamfani yana iya rufe hidimar ma baki ɗaya. Microsoft ya rufe Azure Media Services a ƙarshen Yunin 2024, duk wanda ya gina a kansa sai da ya kwashe kayansa. Saba ta haya ma ba ta tsira ba: a Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen OVH a Strasbourg, waɗanda kwafinsu ke cikin ginin guda suka rasa komai. Asalin kowane bidiyo ya kasance a wuri uku, ɗaya a hannunka, ɗaya a wani kamfani daban. RAID, wato haɗa faifai da yawa su riƙe abu guda, yana kare ka daga mutuwar faifai ɗaya ne kawai, ba ya dawo da abin da aka goge.

Wurin da sabar take ma abin dubawa ne. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, duk abin da ke zuwa daga Turai ya koma tafiyar hawainiya na kwanaki. Abin da ke cikin ƙasa yana bi ta IXPN, mahaɗar da kamfanonin intanet na Najeriya ke musayar data, bai buƙaci tekun ba. Layi a cibiyoyin Legas da Abuja ya fi na Turai tsada a kowane megabit, shi ya sa mafi yawa ke barin tushe a Turai su zaɓi CDN mai reshe a Legas. Ka tambayi kamfanin kai tsaye ko tsarin da za ka saya ya haɗa da reshen, domin tsarin mai araha sau da yawa daga Turai yake ba da kayan.

Ga masu fim

Kulle na gaske, wato Widevine na Google da FairPlay na Apple da PlayReady na Microsoft, ba abin da ƙaramin kamfani zai kafa shi kaɗai ba ne, ta hannun mai ba da lasisi ake samunsa, kuma wannan kaɗai yana iya tura ka gajimare. Ɓoyewar AES-128 ta HLS tana tare ɗan koyo ne kawai, domin mabuɗin yana isa wayar mai kallo. Ko da Widevine, mai waya ta biyu zai iya ɗaukar allon. Abin da ya fi tsorata mai sata shi ne lambar asusunsa tana yawo a kan hoton, yau a wannan kusurwa anjima a waccan. Tunda kuma za ka riƙe sunaye da lambobin wayar masu biya, dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta hau kanka, ko a ina sabar take.

Mataki na ƙarshe: gwaji da ƙofar fita

Sati biyu kafin ranar fara watsawa, a yi cikakken shiri na gwaji na tsawon lokacin da ainihin zai ɗauka, domin matsalar cikar faifai da zafin na'ura da gocewar sauti ba sa bayyana a minti 10. A kalla a ƙaramar itel ko Tecno mai RAM gigabait 2, a layukan MTN da Airtel da Glo, da yamma. A auna layin sabar da iperf3, a jefa mata masu kallo na bogi da k6 ko JMeter har a ga inda take fara nishi. Idan ta tsaya a wajen haɗi 1,000 alhali layi da furosesa ba su cika ba, duba iyakar buɗaɗɗun fayiloli ta Linux, wadda ke zuwa a 1,024, da worker_connections na Nginx. A zare wayar intanet ta OBS da gangan a ga ko zai dawo da kansa, da sakan nawa zai ɗauka. A kafa Uptime Kuma a wata na'ura daban ta riƙa leƙa fayil ɗin m3u8 kowane minti tana aiko saƙo ta Telegram, kada ya zama masu kallo ne za su fara sanar da kai.

Adireshin da za ka ba jama'a da wanda za ka saka a manhajarka ya kasance a ƙarƙashin sunan yankinka, ba na kamfanin CDN ba, kuma ka saita wa'adin DNS ɗinsa, wato tsarin da ke haɗa sunan da adireshin saba, a sakan 300. Buɗe asusu a CDN na biyu, ka nuna masa tushen, ka gwada shi, ka bar masa ɗan kuɗi a ciki. Ranar da na farko ya ƙi, ko katin biyan kuɗi ya ƙi wucewa, layi ɗaya za ka canza a DNS, cikin minti 5 masu kallo sun koma ta ɗayan.